Yadda Ake Lissafin Kashi Cikin Ɗari a Wajen Sayayya da Gidan Abinci

Mutane da yawa in suka ga alamar % a jikin kaya ko a ƙasan rasit, sai su kawar da kai, su miƙa abin da aka ce su biya. Ba don ba su damu da kuɗinsu ba, sai don tun a makaranta aka sa musu tsoron abin. Ni kuwa na daɗe ina wannan lissafi a tsaye a gaban mai karɓar kuɗi, na kuma koya wa mutanen da suka rantse kansu ba ya ɗaukar lissafi. Duk wanda ya iya raba kuɗi gida biyu zai iya.

Ka'idar da kake bukata kaɗan ce. Kashi 20 cikin ɗari na nufin a kowane 100 an ware 20. Sai kuma tambaya guda da za ta bi mu har ƙarshe: kashi 20 na wane kuɗi? Na tsohon farashi ko na sabo? Na abinci kaɗai ko har da haraji? Kusan duk asarar da ake yi a wannan fage, daga rashin yin wannan tambaya take. Alƙaluman da zan kawo misalai ne kawai, ka ɗauke su da kowane irin kuɗi ake ciniki da shi a inda kake.

Kayan aiki

- Kalkuletar da ke cikin waya. Ƙaramar ma ta isa.
- Biro da 'yar takarda. Bayan tsohon rasit ya wadatar.
- Cikakken farashin kaya kafin a rage ko a ƙara komai. In ba ka san shi ba, lissafinka ba shi da tushe.
- Rasit mai nuna komai dalla-dalla, ba wanda aka rubuta jimla kaɗai ba.
- Waɗannan a ka: rabi kashi 50 ne, kwata kashi 25, sulusi kashi 33 da 'yan kai, ɗaya bisa biyar kashi 20, ɗaya bisa goma kashi 10.

In babu waya, ko caji ya ƙare, matakai biyu na farko sun ishe ka. Don haka ne ma na sa su a gaba.

Mataki na 1: Fitar da kashi 10

Ka raba kuɗin gida goma. In lambar ta ƙare da sifili, goge sifilin: kashi 10 na 4,500 shi ne 450, na 12,800 kuma 1,280. In ba ta ƙare da sifili ba, sa ɗigo kafin lambar ƙarshe, 735 ya zama 73.5. Ka sake yin haka sau ɗaya, ka samu kashi 1, wato na 12,800 shi ne 128.

Kada ka wuce nan sai hannunka ya faɗa. Duk farashin da idonka ya sauka a kai yau, ka fitar da kashi 10 ɗinsa a zuci.

Mataki na 2: Gina sauran a kansa

Mu riƙe 12,800, wanda kashi 10 ɗinsa 1,280 ne.

- Kashi 5: rabin kashi 10, wato 640.
- Kashi 20: kashi 10 sau biyu, 2,560.
- Kashi 15: haɗa 1,280 da 640, ka samu 1,920.
- Kashi 2.5: rabin kashi 5, wato 320.
- Kashi 7.5: haɗa 640 da 320, ka samu 960.
- Kashi 25: a nan ka bar batun goma. Raba kuɗin biyu, ka sake raba rabin: 6,400, sai 3,200.
- Kashi 12.5: ƙara rabawa sau ɗaya, 1,600.

In aka zo da lamba mai wuyar sha'ani irin 17, sai ka ce goma da biyar da ɗaya da ɗaya. Ita kuwa 19, ka yi 20 ka cire 1.

Akwai wata dabara da nake matuƙar so. Ana iya musanya lambobin biyu, amsa ba ta canzawa. Kashi 8 na 50 daidai yake da kashi 50 na 8, wato 4. Kashi 36 na 2,500 ya yi kama da abin da sai da takarda, amma ka musanya 36 da 25, ka bar sifili biyun a inda suke, ya koma kashi 25 na 3,600, kwata ke nan, 900. Ba kullum take amfani ba, sai in ɗaya daga cikin lambobin ta faɗa kan 25, 50 ko 10.

Mai amfani da kalkuleta ya kula da abu biyu. Maɓallin % ba iri ɗaya yake aiki a kowace na'ura ba, shi ya sa ban cika dogara da shi ba. Gara ka mayar da kason lamba mai ɗigo ka ninka: kashi 35 ya zama 0.35. Na biyu, kashi 5 shi ne 0.05, ba 0.5 ba. Sifilin nan guda in ya ɓace, ka mayar da kashi 5 rabin kuɗi.

Mataki na 3: Lissafin rangwame

Ga takalmi na 18,000, an liƙa masa jar takarda mai cewa an rage kashi 35. Kashi 10 shi ne 1,800. Sau uku, 5,400. Rabin 1,800 kuma 900. Haɗa su, ragin ya zama 6,300. Cire shi daga 18,000, za ka biya 11,700.

Hanya ta biyu ta fi sauri da kalkuleta. Tunda an cire 35, abin da ya rage a kanka 65 ne. Ninka 18,000 da 0.65, ga 11,700 kai tsaye. In ragin mai yawa ne, wannan hanya ta fi sauƙi ko a ka: rangwamen kashi 70 na nufin kashi 30 za ka biya, kashi 10 sau uku.

Yanzu ga inda ake zamewa. Wani lokaci za ka ga an rubuta ragin kashi 20, da ƙarin kashi 10 ga mai katin kantin. Zuciya sai ta ce kashi 30. A'a. A kayan 10,000, ragin farko ya mayar da shi 8,000. Na biyu kuwa a kan 8,000 ake cire shi, wato 800, ba 1,000 ba. Za ka biya 7,200, ainihin ragin kashi 28 ne. Haka ragin rabi a kan ragin rabi ba kyauta ba ne, kwatan kuɗin za ka biya. Ko wanne aka fara cirewa cikin biyun, amsar ɗaya ce, don haka kada ka ɓata bakinka a kan wannan.

Inda ya kamata ka yi magana shi ne in ɗaya ragin na kaso ne, ɗaya kuma tsayayyen kuɗi. A ce kayan 10,000, da ragin kashi 20, da takardar da ke cire 1,000. In aka fara da kaso, 8,000 a cire 1,000, ka biya 7,000. In aka fara da takardar, 9,000 a cire kashi 20, ka biya 7,200. Ka tambaya kafin a buga.

Ka kuma karanta ƙananan rubutu. “Ragi har zuwa kashi 70” na nufin akwai wani abu, ko da guda ɗaya ne a lungu, da aka rage masa haka. Abin da ke hannunka mai yiwuwa kashi 10 ne nasa. Sannan tsohon farashin da aka soke da jan layi, kai dai ba ka san ko an taɓa sayar da kayan a haka ba. Ni ba na auna ciniki da girman ragin, ina auna shi da abin da zai fita daga aljihuna, in kwatanta da farashin wani wuri.

Mataki na 4: Fassara garaɓasa zuwa kaso

Masu talla sun san kalmar kyauta na jan hankali fiye da lamba. Aikinka ka mayar da ita lamba.

Sayi ɗaya a ba ka ɗaya, ragin kashi 50 ne, amma fa in kana bukatar biyun. Sayi biyu a ba ka na uku, sulusi aka rage, kashi 33. Sayi ɗaya ka ɗauki na biyu a rabin kuɗi, wannan ita ce ta fi ruɗar mutane, domin kalmar rabi ce ke shiga kunne. Kaya biyu na 1,000 kowanne, ka biya 1,500 maimakon 2,000. Kashi 25 ne kawai.

Sai kuma ƙarin kaya. Ga gwangwanin garin sabulu mai giram 400 a kan 2,000. Wani an rubuta masa ƙarin kashi 25 kyauta, wani kuma ragin kashi 25 a farashi. Lambar ɗaya ce, cinikin ba ɗaya ba ne. Na farko ya zama giram 500 a 2,000, kowane giram 100 ya tashi a 400. Na biyu giram 400 a 1,500, kowane giram 100 a 375. Mai ragin farashi ya fi araha. Ƙarin kashi 25 daidai yake da ragin kashi 20, ƙarin kashi 50 kuma daidai da ragin kashi 33.

Duk lokacin da girman kaya ya bambanta, ka koma wannan ma'auni: nawa ne giram 100, ko lita guda, ko ƙwaya ɗaya? Da shi ne kuma za ka kama kayan da aka rage wa nauyi aka bar farashi. Fakitin giram 500 a 2,250 in ya koma giram 450 a kuɗin da, giram 100 ya tashi daga 450 zuwa 500. An yi maka ƙarin kashi 11 ba tare da an taɓa lambar da ke jikin kanta ba.

Mataki na 5: Gano kason da kanka

Wani lokaci farashi biyu za a nuna maka, babu kaso. Ka cire ƙarami daga babba, ka raba bambancin da farashin da aka taso daga gare shi, ka ninka da 100.

Daga 6,000 zuwa 4,500, bambanci 1,500. Raba da 6,000, kashi 25 aka rage. Amma in daga 4,500 aka tashi zuwa 6,000, bambancin dai 1,500 ne, sai dai da 4,500 za ka raba, ƙarin ya zama kashi 33. Tazara ɗaya, kaso biyu, domin mafarin ya canza. Wannan ne dalilin da ya sa in aka ƙara kashi 20 a kan 5,000 ya zama 6,000, sannan aka rage kashi 20, ba a dawowa 5,000, sai 4,800. In kuma aka fara da ragin rabi, sai an ninka kuɗin, ƙarin kashi 100, kafin a koma inda aka baro.

Mataki na 6: Haraji, da komawa baya

Harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin abin da ka saya, wanda Faransa ta fara aiki da shi a 1954, yanzu ya bazu a yawancin ƙasashen duniya, kowace da nata kason. A Ingila kashi 20 ne tun 2011, a Jamus 19, a Denmak 25. Saudiyya ta fara da kashi 5 a 2018, ta mayar da shi 15 a 2020. Abu na farko da za ka sani a duk inda kake: farashin da ke jikin kaya ya haɗa da haraji ko bai haɗa ba? A ƙasashen Turai galibi yana ciki. A Amurka babu VAT, harajin ciniki ne da ya bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma sai a wajen biya ake ɗora shi, shi ya sa baƙo kan ga kuɗin ya haura abin da ya gani a kanta.

Ɗora haraji ba wuya. Fitar da kason ka haɗa, ko ka ninka da 1.15 in kashi 15 ne, 1.2 in 20 ne, 1.075 in 7.5 ne.

Cire shi daga jimla ne ke kayar da har waɗanda suka iya lissafi, don haka a nan zan ɗan tsaya. An ba ka rasit na 11,500, an ce da harajin kashi 15 a ciki. Kana son sanin kuɗin kayan zalla. Hannu zai yi saurin fitar da kashi 15 na 11,500, wato 1,725, ya cire, ya samu 9,775. Kuskure ne. Ba a kan 11,500 aka ɗora harajin ba, a kan wani kuɗi ne da ya fi shi ƙanƙanta. Tunda ninkawa da 1.15 aka yi aka iso nan, rabawa da 1.15 za a yi a koma. Amsa 10,000, haraji 1,500. Gwada ka gani: kashi 15 na 10,000 shi ne 1,500, haɗa su, ga 11,500. Wannan gwaji na ƙarshe kada ka taɓa tsallake shi, shi ne shaidarka.

In babu kalkuleta, ga gajeriyar hanya ta fitar da harajin da ke cikin jimla. In kashi 20 ne, raba jimlar gida 6. In 25 ne, gida 5. In 10 ne, gida 11. In 5 ne, gida 21. Jimlar 2,400 mai harajin kashi 20, harajinta 400 ne, kayan 2,000.

Haka ake komawa baya a rangwame. Ka biya 6,800 bayan ragin kashi 15, nawa ne asali? Abin da ka biya kashi 85 ne na asalin, sai ka raba da 0.85, ka samu 8,000. Wanda ya ɗora kashi 15 a kan 6,800 zai tsaya a 7,820.

Mataki na 7: Rasit ɗin gidan abinci

Kafin ka yi oda, duba ƙasan takardar jerin abinci. A nan ake rubuta ko farashin ya haɗa da haraji da kuɗin hidima, sau da yawa da rubutun da sai ka matso da ita kusa da ido. In ba a rubuta ba, tambayi mai kawo abincin. Matambayi ba ya ɓata.

Rasit ya zo. Fara da layukan sama, ka tabbata abin da aka rubuta shi aka ci, ba a maimaita wani abu ba. Sannan ka sauko. A ce abinci 24,000 ne, kuɗin hidima kashi 10, haraji kashi 7.5. Hidima 2,400. Harajin kuwa, in a kan abinci kaɗai aka ɗora, 1,800 ne, jimla 28,200. In a kan abinci da hidima ne, wato 26,400, ya zama 1,980, jimla 28,380. Wanne ne daidai ya danganta da dokar ƙasar, amma in ka ga bambancin 180 tsakanin lissafinka da nasu, ka san inda ya fito kafin ka ɗaga murya.

Tukuici al'ada ce da ta bambanta ƙwarai. A Amurka ana sa ran kashi 15 zuwa 20, domin wani babban ɓangare na abin da ma'aikacin ke samu daga nan yake. A Japan ba a saba bayarwa ba. A gidajen abinci da yawa a Landan za ka tarar an riga an ɗora kashi 12.5 na hidima a rasit, a Faransa kuma hidimar na cikin farashin abincin. Don haka duba tukuna, kada ka biya abu ɗaya sau biyu cikin rashin sani. In da saninka ka ƙara, alheri ne.

Lissafinsa na Mataki na 2 ne: kashi 15 na 24,000 shi ne 2,400 da 1,200, wato 3,600. A kan kuɗin abinci ake yinsa, kafin haraji. In kuma rangwame ka samu, ra'ayina ka lissafa tukuicin a kan cikakken farashi. Wanda ya yi ta kai da kawowa da faranti bai rage ko taku ɗaya ba don an rage maka kuɗi.

Mataki na 8: Raba kuɗi tsakanin waɗanda suka ci

In kowa ya ci kusan daidai, a raba jimla da yawan mutane, a tashi. Matsalar tana zuwa ne in cin ya bambanta. Mutum uku, ɗaya ya ci na 12,000, ɗaya na 8,000, ɗaya na 4,000, jimla da komai 28,200. In aka raba uku, kowa 9,400. Mai 4,000 zai yi shiru don kunya, alhali ninki biyu na haƙƙinsa ya biya. Na ga zumunci ya yi sanyi a kan irin wannan, ba tare da kowa ya furta dalili ba.

Ga yadda ake yi. Raba jimlar ƙarshe da kuɗin abinci zalla: 28,200 a raba da 24,000, ya ba da 1.175. Kowa ya ninka abin da ya ci da wannan lamba. Na farko 14,100, na biyu 9,400, na uku 4,700. Haɗa su ka tabbata sun koma 28,200. In babu kalkuleta, kowa ya fitar da kashi 10 da kashi 7.5 na nasa ya ɗora. Abin da aka ci tare, a raba shi daidai a zuba cikin kuɗin kowa kafin a ninka.

Mataki na 9: Ƙiyasi kafin biya

Ko da kalkuleta ka yi, ka fara da ƙiyasi a ka, domin yatsa na iya danna sifili fiye da kima. Kai farashin zuwa lamba mai sauƙi: 7,950 ka ɗauke shi 8,000, 19,990 ka ɗauke shi 20,000. Ragin kashi 30 a kan 7,950 zai kai wajen 2,400, biya wajen 5,600. In na'urar kanti ta nuna 5,565, kun daidaita. In ta nuna 6,360, kashi 20 aka cire maka ba 30 ba.

In haka ta faru, kada ka fara da zargi. Sau da yawa ba a sabunta farashin a na'ura ba ne, ko kuma ragin bai shafi wannan launi ko wannan girma ba. Ka ce, “Malam, don Allah duba mini, a kanta an rubuta kashi 30, nan kuma 20 na gani.” Ka nuna lambobin biyu, tsohon farashi da abin da lissafinka ya ba ka. In akwai waya a hannu, ɗauki hoton takardar ragin tun kana wajen kantar, don kada sai an koma nema. Ka yi duk wannan kafin ka miƙa kuɗi ko ka sa kati, domin gyara a lokacin danna maɓalli ne kawai, bayan an buga rasit kuwa sai an kira manaja, wani wurin ma sai an cika takardar mayar da kuɗi ka jira kwanaki.